Kayan Sallah a wurin aiki: inda aka fi yin tuntuɓe

Ranar da aka koma aiki bayan hutun Sallah, ofis kan zama kamar filin Idi. Kwana biyu gwamnati ta saba bayarwa, mutum kuwa ya ɗinka kala uku ko huɗu, sauran ba su sha iska ba. Ina za a kai su in ba ofis ba? Ni ma ina yi. Sai dai akwai wuraren da kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Babbar riga ce kan gaba. Shekarar da na kama aiki na shigo da wata ta shadda, ta sha bugu tana ƙyalli, ga aikin hannu har ciki. Na miƙa hannu zan ɗauko fayil, hannun rigar ya share kofin shayin oga, ya juye shi kaf a kan takardun albashi. Ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Malam, aiki ka zo ko Hawan Daushe?" Tun daga ranar na koyi dabara: ka shigo da ita, a yi barka da Sallah, a ɗauki hoto, sannan ka tuɓe ka rataye, ka yi aikinka da 'yar ciki da hula. Wanda kuwa aikinsa ke kusa da injin niƙa ko janareta ko duk wani abu mai juyawa, tasa ta wuce maganar jin kunya. Bel ɗin inji ba ya tambayar kuɗin shadda kafin ya fizge ta. Haka tayar babur take yi wa mayafi da gefen riga, don haka a tattare su a cinya kafin a tashi.

Mata kuma, lalle. Yana da kyau, ba mai musu. Amma in ana buga zuwa aiki da yatsa, lallen da ya kama sosai yakan hana na'ura gane zanen yatsa. Hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ma ta taɓa jan kunnen masu rajista a kan haka. Ki ce wa mai ƙunshi ta bar miki babban yatsa da manuniya, shi ke nan. Ma'aikaciyar jinya da mai girki su ajiye zobba da awarwaro sai an tashi, saboda wanke hannu.

Turare ma a rage. Humra da turaren wuta a ɗaki mai sanyi da tagogi a rufe, mai asma ne ke shan wuya, kuma kunya ba za ta bari ya faɗa ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne sa abin da ba naka ba. A makon farko na Oktoba bankuna da kamfanoni kan yi makon karrama abokan ciniki, a ware ranar da kowa zai yi shigar gargajiya ko ta wata sana'a. Nan za ka ga saurayi ya naɗa rawani mai kunne biyu, ya yafa alkyabba, yana ƙirga kuɗi a kanta. A Kano wannan naɗin na gidan sarauta ne, ba a yinsa don a ba mutane dariya, kuma dattijon da ya zo cire kuɗin fansho ya san haka ko bai ce uffan ba. Kaftani da zanna-bukar sun wadatar. In shigar wata ƙabila za ka yi, tambayi ɗan ƙabilar tukuna. Jar hular Ibo, alal misali, ta masu sarauta ce a wurinsu. Mu ma ai ranmu yana ɓaci in wani a Legas ya rataya akwatin gyaran takalmi yana gurɓata Turanci wai ya yi shigar "aboki". Shigar almajiri da tsumma da ƙoƙo, ko ta mahaukaci, ba ta da wurin zama a ofis ko kaɗan. Kakin soja kuwa, doka ce ta hana farar hula sa shi a Najeriya, kuma sojan da ya tare ka a shinge ba ruwansa da bikin ofishinku.

Sai anko. A Nijar mata ma'aikata kan fito da atamfa iri ɗaya ranar 13 ga Mayu, ranar matan ƙasar, a Najeriya kuma an fi yi ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya. Abin yana da ban sha'awa, amma sau da yawa manya ne ke zaɓen zanen daidai aljihunsu, su manta da mai shara da masinja, waɗanda sai sun ci bashi kafin su saya, ga kuɗin tela. In ofis ne ya kira anko, ofis ya biya, ko manyan su haɗa su saya wa ƙananan a ɓoye. In hakan bai samu ba, a faɗi kala kawai, a ce kore ko shuɗi, kowa ya duba akwatinsa.