Darasi Na Tara: Tsaron Kwamfutar Gida Mai Hawa Intanet Ta Layin Tarho

Kwamfutar da mutum ɗaya ke amfani da ita a ɗakinsa, wadda sai modem, wato na'urar da ke haɗa ta da layin tarho, ya buga lamba kafin ta hau intanet, ba ta buƙatar tsaro irin na banki. Ba ta kwana a kan layi, kuma galibi duk hawa sabon adireshin intanet ake ba ta. Sai dai ɓarawon intanet ba sunanka yake nema ba. Ƙofa-ƙofa yake bi yana turawa, wadda ta buɗe ya shige. Haka bairos ɗin Blaster, wato muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ya yi a 2003, da Sasser a 2004: sun shiga kwamfutoci masu Windows XP ba tare da mai su ya danna komai ba.

Don haka kafin ka buga lamba, kunna katangar tsaro da ke cikin Windows, wato fayawol. Kyauta ce. Sannan ka sa antibairos guda ɗaya tak. Biyu faɗa suke yi da juna, kwamfuta ta yi nauyi.

Wahalar tana wajen sabuntawa. Gudun wannan layi bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, abu mai megabait 20 kan ci kusan awa ɗaya. Shi ya sa mutane ke katsewa, alhali antibairos da ba a sabunta ba kamar maigadi ne da tsofaffin ɓarayi kaɗai ya sani. Ware dare ɗaya a mako, ka bar shi ya gama. Windows XP kuwa tun Afrilun 2014 aka daina yi masa gyara, Windows 7 tun Janairun 2020. Kada ka shiga asusun banki da su.

Akwai wata muguwar manhaja da ta keɓanta da layin tarho. Takan sauya lambar da modem ke bugawa zuwa wata mai tsada ta ƙasar waje, sai kuɗin waya ya zo ka riƙe baki. Duba lambar a kan allo kafin kowane hawa. In ka gama, zare wayar daga bango.

Zarewar nan na da wani amfani da damina: tsawa kan biyo layin tarho ta ƙone modem, ko da kwamfutar a kashe take. Da hadari ya haɗo, cire na tarho da na wuta duka.

A ƙauyukanmu dai, filash ya fi intanet kawo cuta. Ka kai shi shagon buga takardu a Wudil ko Ringim ranar kasuwa, ya bi kwamfutoci da yawa, ya dawo da tsaraba. Kada ka buɗe shi sai antibairos ya bincika. In ka ga fayilolinka sun koma masu 'yar kibiya a gefe, kada ka danna ko ɗaya, bairos ne ya ɓoye na ainihin. Takardun gona da na makarantar yara, ajiye kwafinsu a wani filash daban da ba ya fita daga gida.