Yadda ake riƙe zumunci da rubutu tsakanin na gida da ƴan ci-rani

Da an gama ɗaure dammunan hatsi a watan Oktoba, maza sukan fara raguwa a garuruwan Adar. Daga Buza, Keta, Illela da Tawa kanta, samari da magidanta suna kama hanyar ci-rani, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Legas, wasu kuma Yamai kawai. Yanzu da wuya ka sami garin da ba shi da zaurensa na WhatsApp inda na gida da na waje suke haɗe. Zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, amma duk wanda ke ciki ya san yadda abin yake: gari ya waye, hotunan furanni da "Barka da Juma'a" sun cika waya, kowa ya turo abin da aka turo masa, babu wanda ya tambayi wani yadda ya kwana. Abin yana damuna, domin ɗan'uwanmu da ke kwana a shago a Abijan ba furanni yake jira ba. Ga yadda nake ganin ya kamata a yi.

Da farko ka zaɓi mutum ɗaya. "Salamu alaikum jama'a" gaisuwa ce mai kyau, sai dai kowa yana barin wani ya amsa. Ka fita daga zauren, ka buɗe lambar mutumin, ka kira shi yadda kake kiransa in kun haɗu: Kawu, Yaya, Gwaggo, Malam. Wanda kake jin nauyin faɗin sunansa a fili, kamar suruki, kada ka rubuta sunan nasa don kawai ba ya ganin fuskarka. Sannan ka yi gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ina baƙunta, yaya sanyin wajen naku. Irin su "slm" da "cv" (ça va) ka bar wa tsaranka na fada, wato majalisar hira.

Na biyu, harshe. Da yawa cikinmu da Faransanci muka koyi riƙe alƙalami a lakkol, shi ya sa hannu yake zarcewa can ko da uwa ɗaya ta haife mu da wanda muke rubuta wa. A watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma ko ba don wannan ba, dalilin a kusa yake: mutumin da ya wuni yana ciniki da harshen wasu yana son ya ji na gida. Ka rubuta yadda kuke magana. In "mi kake ciki" da "lahiya lau" kuke cewa, haka za ka sa, kada ka gyara shi ya koma Kananci. Madannin Gboard yana da Hausa, kana iya ƙara ta a saituna don ka sami ƙ, ɗ da ɓ.

Mataki na uku shi ne zuciyar abin, kuma a nan mutane suka fi gazawa. Ka ba shi labarin da ba zai samu wurin kowa ba sai wurinka. Labarin gwamnati da na duniya yana ganinsa kafin kai ma. Abin da ba ya gani shi ne tsakar gidansu. Duba wannan:

"Yaya, ina wuni, ina gajiyar aiki? Jiya muka gama kai hatsi rumbu. Gonar tudu ta fi ta bara, ta fadama kuwa ruwa ya kwanta mata, sai ɗan abin da aka samu. Inna ta ce in faɗa maka ƙafar ta yi sauƙi, har kasuwa ta je da kanta. Tunkiyarka ta haifi biyu. Yaya tarin nan da ka ce yana hana ka barci, ka je likita?"

Babu kalma mai wuya a ciki. Akwai gona, akwai Inna, akwai dabbarsa, sannan akwai tambaya ɗaya da ke nuna ka riƙe abin da ya faɗa maka makon jiya. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ke sa mutum ya zauna ya ba da amsa mai tsawo. "Yaya aiki?" amsarta "alhamdulillahi" ce, an gama. "Mai shagon ya biya ku na watan nan?" kuwa tana buɗe baki. In ka rasa abin faɗa, lokaci yana ba ka: kuɗin tiyar hatsi a kasuwa, yadda albasa ta yi a Galmi, wanda aka ɗaura wa aure, rijiyar da aka yashe. Lokacin kokowar takobi, gasar kokowa ta ƙasa wadda aka fara a nan Tawa a 1975, na waje suna bin sakamakon a waya, amma ba su ji yadda unguwa ta kaure da ihu ba lokacin da ɗan kokowar jiha ya yi kaye. Wannan kai ne za ka rubuta masa.

Na huɗu, maganar kuɗi. Babu laifi a roƙi ɗan'uwa, don haka ya tafi nema. Laifin shi ne ya zama duk ranar da sunanka ya bayyana a wayarsa gabansa sai ya faɗi. Wanda ya saba ganin gaisuwarka tana ƙarewa da "dama akwai wata ƴar matsala" zai daina buɗe saƙonka da wuri, kuma ba rowa ce ta sa shi ba. Ka raba su: ranar gaisuwa daban, ranar buƙata daban. In buƙatar ta zo, ka faɗe ta kai tsaye, nawa ne, na mene ne, zuwa yaushe. In ya aiko ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, kada ka tsaya a "na gani, na gode". Ka rubuta abin da aka yi da su: an sayi buhu ɗaya, an biya maganin Baba, saura jaka biyu suna hannun Inna. Mutumin da ya ɗauki kaya a ka ya tara kuɗin nan yana da haƙƙin sanin inda suka shiga.

Ka kuma kula da lokaci. Abijan da Akara suna bayanmu da awa ɗaya, Libiya tana gabanmu da awa ɗaya, Aljeriya daidai muke da ita. Alamar shuɗi biyu tana nuna an buɗe saƙo ne kawai, ba ta nuna mutum yana da sukunin amsawa. Kada ka bi shi da "ka gani ka yi shiru".

Wasa yana da daɗi a baki, a rubuce kuma yana iya zama zagi. Wasan taubasantaka, irin na Bagobiri da Bazabarme ko Bafillace da Babarbare, abin alfaharinmu ne, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Amma a fada ana ganin dariyar fuskarka, a waya ba a gani, kuma zaure yana da mutanen da ba su san tsakaninku ba. Ka yi wa taubashinka tsiya a inda ku biyu ne, ko ka yi ta da murya.

Sai rasuwa, wadda nake roƙon a yi hattara da ita ƙwarai. Kada a sa sanarwa a zaure sai an tabbatar an kira ƴaƴa da ƴan'uwan mamacin na nesa, babba ya faɗa musu da baki. Ba daidai ba ne mutum ya ga hoton mahaifiyarsa da "Inna lillahi" a tsakiyar saƙonni yana bakin aiki a Tamanrasset. Bayan an sanar, kada ta'aziyyarka ta tsaya a "Allah ya jiƙanta" cikin layin masu cewa haka. Ka rubuta masa shi kaɗai, ka ambaci wani alherin marigayiyar da ka sani, ko da furar da take ba ku kuna yara ce. Ka faɗa masa waɗanda suka yi mata salla da yadda jama'a suka taru, domin abin da ke cin ransa ke nan, bai samu ya raka ta ba. Ka sake rubutawa bayan addu'ar bakwai, ka sake bayan ta arba'in, lokacin da saƙonnin kowa sun ɗauke.

In saɓani ya taso, ka ajiye rubutu. Saƙon fushi ana ɗaukar hotonsa a tura wa wasu, ya daɗe yana yawo bayan ku kun shirya. Ka bari ka huce, ka kira shi, in abin ya fi ƙarfinku a sa babba a tsakani.

Tsofaffinmu da yawa ba sa karanta boko, wasu ajami suka iya. In su kake rubuta wa, ka gajarta jimloli yadda jika zai iya karanta musu a bayyane ba tare da ya yi tuntuɓe ba, kuma kada ka sa sirrin da ba ka so yaro ya ji. Rubutu ya fi saƙon murya saurin wucewa inda layi ba shi da ƙarfi, don haka ka fara tura shi, in layin ya samu ka bi shi da muryarka.