Yadda Ake Kafa Sana'ar Bayar da Hayar Manhaja Mai Lasisi

Akwai makarantu masu zaman kansu, da shagunan magani, da 'yan kasuwa a Kantin Kwari da Singa waɗanda ke buƙatar manhajar da za ta riƙe musu lissafi, amma ba su da halin sayen lasisi da dala, kuma ba su da ma'aikacin da zai kula da ita. A nan ne matashin da ya san kwamfuta zai iya shiga tsakani: ya ɗauki lasisi daga kamfanin da ya ƙera manhajar, ya ɗora ta a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke aiki dare da rana a intanet, sannan ya riƙa karɓar kuɗin haya daga masu amfani da ita.

Mataki na farko shi ne karanta takardar lasisi tun daga farko har ƙarshe, kafin a kashe ko sisin kwabo. Wanda ya sayi lasisi bai mallaki manhaja ba, izinin amfani da ita kawai ya saya, kuma yawancin lasisin da ake sayar wa ɗaiɗaikun mutane sun haramta bayar da haya ƙarara. Lasisin Windows ko na Office da mutum ya saya don kwamfutarsa yana cikin wannan rukuni. Kamfanin Microsoft yana da tsari na daban mai suna SPLA domin masu bayar da haya, inda ake kai rahoton yawan masu amfani kowane wata a biya daidai da shi, yana kuma da tsarin CSP na dillalan Microsoft 365. Idan takardar ba ta fayyace ba, sai a rubuta wa kamfanin, a nemi amsa a rubuce, a adana ta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare manhaja kamar yadda take kare littafi, don haka wanda ya ɗora manhajar sata ya ba wa makaranta haya ya jefa kansa da makarantar cikin hatsari.

Manhajojin da ke ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya bar kowa ya kwafa ya yi amfani da su kyauta, irin su Moodle ta koyarwa da ERPNext ta lissafin kasuwanci, sun fi sauƙi ta wannan fuska, domin an yarda a ɗora su a karɓi kuɗi a kan hidimar. Sai dai a lura, sunan Moodle kansa alamar kasuwanci ce mai rajista, kuma ba kowa aka yarda ya yi tallar hidimarsa da sunan ba.

Daga nan sai a zaɓi rukunin abokan ciniki guda ɗaya tak. A ganina, makarantun firamare da sakandare masu zaman kansu sun fi dacewa da mai farawa, saboda buƙatarsu iri ɗaya ce: rajistar ɗalibai, lissafin kuɗin makaranta, da fitar da sakamakon jarrabawa. Wanda ya haɗa makaranta da asibiti da shagon yadi a lokaci guda, taura biyu ya sa a baki.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne lissafin farashi, domin mai wannan sana'a da dala yake biya, da naira kuma yake karɓa. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan kusan naira 460, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Duk wanda ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyu a kan tsohon farashi, daga aljihunsa ya cika giɓin. Ban da canji, kamfanonin ma kan sauya tsarinsu ba tare da shawartar kowa ba. A 2019 cPanel, manhajar sarrafa shafukan intanet a kan saba, ta koma karɓar kuɗi bisa yawan asusun da ke kan saba, lamarin da ya dagula lissafin ƙananan dillalai da dama.

A ce lasisi da hayar saba sun kama dala 60 a wata, ana kuma canji a kan naira 1,500. Wannan naira 90,000 ke nan a wata, ko 1,080,000 a shekara. Makarantu suna samun kuɗi ne sau uku a shekara, a farkon kowane zango, alhali saba ba ta san dogon hutu ba, sai an biya ta wata goma sha biyu cur. Idan makarantu goma ne, to kowace sai ta biya naira 36,000 a zango kafin a mayar da uwar kuɗi kawai, ba a sa kuɗin data da man janareta da na zirga-zirga ba, balle riba. Saboda haka ya fi kyau a yanka farashi a kan kowane ɗalibi, a karɓa a makonnin farko na zango lokacin da iyaye ke biya, a kuma rubuta cewa za a sake duba farashin kowace shekara.

Sai batun rajista. A yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a buɗe asusun banki da wannan sunan, a sayi adireshin intanet mai ƙarewa da .ng daga dillalin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da shi. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da Flutterwave suna da tsarin cirar kuɗi kai tsaye a ranar da aka ƙayyade, ko da yake yawancin masu makarantu sun fi sabawa da tura kuɗi ta banki.

Bayan an ɗora manhajar, a ware wa kowane abokin ciniki rumbun bayanansa, kada na wannan ya cuɗanya da na wancan. A tsara kwafin ajiya kullum da dare, a ajiye shi a wata saba dabam, kuma a riƙa gwada dawo da shi aƙalla sau ɗaya a wata, domin mutane da yawa ba sa gane cewa kwafinsu ya lalace sai ranar da suka buƙace shi. Sunayen yara da makinsu da lambobin wayar iyayensu amana ce, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora nauyi a kan mai riƙe su. Idan aka yi kutse, wajibi ne mai bayar da hayar ya sanar da makarantar nan take, domin dokar ta ba ta awa 72 ta kai rahoto ga hukumar kare bayanai ta NDPC idan kutsen na iya cutar da mutane.

Kada a raina aikin koyarwa. Shugaban makaranta ne ke sa hannu, amma malamin aji da ma'aji ne za su yi amfani da manhajar, galibi ta wayar hannu, kuma idan suka ƙi ta, to haya ta mutu. A je makarantar da ƙafa, a zauna da su da Hausa, a kuma shirya wa makon fitar da sakamako, lokacin da waya ba ta daina ƙara har tsakar dare.

A ƙarshe sai a rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya ko biyu. A bayyana a ciki ranar biya, da kwanakin lamunin da za a ɗaga wa wanda ya makara kafin a rufe masa shiga, da cewa manhajar ta kamfanin da ya ƙera ta ce, bayanan kuwa na makaranta ne. A kuma ƙayyade cikin kwana nawa za a miƙa wa makaranta bayananta a tsarin da Excel zai iya buɗewa idan ta yanke shawarar tashi, ko da kuwa ana bin ta bashin zango ɗaya.