Yadda Za Ka Gwada Sabuwar Manhajar Second Life Ka Kai Rahoton Matsala

Kamfanin Linden Lab, wanda ya buɗe Second Life (wata duniya ce ta intanet da mutane ke shiga da surar da suka ƙirƙira wa kansu) a 2003, yakan saki manhajar gwaji kafin ta kai ga kowa. Mu da ke shiga daga Legas, gwajinmu na da amfani ƙwarai, domin irin intanet ɗinmu na tona matsalar da mai zama a Amurka ba zai taɓa gani ba.

1. Sauke manhajar gwajin daga shafin kamfanin kaɗai. Kada ka goge tsohuwar.

2. Shiga filin gwaji mai suna Aditi, ba Agni da jama'a ke harka a ciki ba. Kuɗin Linden (kuɗin da ake ciniki da shi a cikin Second Life) da ka kashe a Aditi ba ya taɓa aljihunka.

3. Yi abin da ka saba: sauya kaya, tashi sama, tsallaka zuwa wani yanki.

4. Abu ya lalace? Dakata tukuna, ɗan'uwa. Maimaita shi sau uku, sannan ka gwada a tsohuwar manhaja. In kana Agege aka ɗauke wuta, na'urar intanet ta mutu, ba laifin manhaja ba ne. Ni nakan sauya layin data in sake gwadawa, don ba na son ɓata wa masu gyara lokaci.

5. Duba a shafin kai ƙorafi na kamfanin ko wani ya riga ka kai ƙorafin. In haka ne, ƙara bayaninka a ƙarƙashin nasa.

6. Rubuta da Turanci mai sauƙi: me ka danna, me ka zata, me ya faru. Haɗa da hoton allo da bayanan kwamfutarka, waɗanda za ka kwafo daga sashen taimako na manhajar. Matsala ɗaya, rahoto ɗaya.