Faɗuwar gaban da tushenta ke a wuya: inda masu jinya suka fi yin kuskure

Cikin sanyin Janairu a Daura, kowa ya duƙunƙune a bargo, amma Gwaggo tana tsakar gida da mafici a hannu tana haɗa gumi. Ga ci kamar me, ga rama. Idan ta ɗauki kofin shayi sai ka ga yana rawa, gabanta kuwa dukan uku-uku yake yi. Watanni muka kwashe muna cewa sammu ne, daga baya wani mai kemis ya ce hawan jini ne. Babu wanda ya kalli wuyanta.

A nan aka fi yin ɓatan kai. A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka, tayirod, wadda idan ta kumbura muke ce mata maƙoƙo. Sinadaranta biyu, T4 da T3, su ke saita saurin aikin jiki. Idan suka yi yawa, zuciya kan haura bugu 100 a minti ɗaya mutum yana zaune. Ga masu shekaru bugun kan hargitse, jini ya daskare a cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. In aka daɗe a haka zuciyar ta gaji, ƙafa ta kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa. Gyaran ba wuya: a nemi awon jini na TSH (sinadarin da ke umartar tsokar ta yi aiki) da T4, a yi awon bugun zuciya. Kada a ce ai wuyan bai kumbura ba, wani sam ba a ganin nasa.

Kuskure na gaba shi ne ajiye magani da an ji sauƙi. Propranolol bugun kawai yake lafar wa, Carbimazole ne ke rage sinadarin, shi kuma sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa. Mai shan Carbimazole da ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ba maganin maleriya zai saya ba. Ya dakatar da ƙwayar, ya je a auna jininsa a ranar, domin tana iya karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Mai asma kuma ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa Propranolol.

Mu har fushi muka yi da aka ɗage tiyatar cire wa Gwaggo tsokar, muna ganin jan rai ne. Ashe gata aka yi mata. Idan aka yanka sinadarin bai sauka ba, yana iya tumbatsa lokaci guda, zazzaɓi ya yi tsanani, zuciya ta kasa.

Bayan tiyata kuma mutane kan ɗauka an gama. Ina! Kumburin wuya mai hana numfashi a ranar farko abin gaggawa ne. Jin tsira-tsira a leɓe da yatsu, ko ɗaurewar hannu, alama ce sinadarin kalsiyam ya faɗi, a sanar da likita nan take. Idan duka tsokar aka cire, shan Levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin, ya zama na har abada: da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Gwaggo da koko take kora tata, wani lokacin da fura da nono, muna ta mamakin kasalar da ta ƙi barinta. Ƙwayar kalsiyam da ta ƙarin jini kuwa a ba su tazarar awa 4 tsakaninsu da Levothyroxine.

Kada kasala ta sa a ninka ƙwayar da ka, don idan ta yi yawa tsohon bugun nan ne zai dawo. Awon TSH bayan mako 6 zuwa 8 shi zai nuna ko a ƙara ko a rage. Maganin zuciya da na tsinka jini ma likita ne ke janye su, ko da bugun ya daidaita. Kafin azumi mun tambaya, aka ce ta riƙa sha da zarar ta farka, kafin a ɗora ruwan shayin sahur.