Yadda ake sake ɗora babbar manhaja irin Windows a kan kwamfutoci da yawa lokaci guda

Duk wanda ke kula da ɗaki mai kwamfutoci ɗari ko fiye, kamar cibiyar rubuta jarrabawar JAMB ko ɗakin kwamfuta na makaranta, ya san cewa bin su ɗaya bayan ɗaya da filashi a hannu aiki ne na kwana da kwanaki. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a gyara kwamfuta guda ɗaya tsaf, a ɗauki kwafinta, sannan a raba wa sauran ta kebul ɗin da ya haɗa su.

Tushen aikin shi ne PXE, tsarin da kamfanin Intel ya fito da shi, wanda ke ba kwamfuta damar tashi daga hanyar sadarwa ba daga rumbun ajiyarta ba. Idan aka kunna ta, sai ta nemi adireshi daga DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi a hanyar sadarwa, a sanar da ita inda uwar garke (kwamfutar da ke ajiye kwafin) take da sunan fayil ɗin tashi da za ta ɗauko ta TFTP, wata hanya mai sauƙi ta aika fayil. A wajen saita DHCP, zaɓi na 66 shi ne adireshin uwar garken, na 67 kuma sunan fayil ɗin. Manhajar FOG, mai ɗaukar kwafi ta kuma raba shi, kyauta ce, kan Linux ake girka ta, kuma ta isa wannan aiki. Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan, ita ma tana yi.

Kwamfutar da za a kwafa ita ce ta fi buƙatar natsuwa, domin duk kuskuren da aka bari a cikinta sai ya bayyana a kan dukkan sauran. A ɗora Windows da direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sassan na'ura aiki) da manhajojin da ake buƙata, a kashe BitLocker mai kulle bayanan rumbun ajiya, sannan a gudanar da Sysprep, manhajar Windows mai shirya kwamfuta don a kwafa ta, tare da umarnin generalize, wanda ke goge shaidar da ta keɓanta da wannan na'ura. Idan aka tanadi fayil ɗin unattend.xml, shi zai amsa tambayoyin harshe da yankin lokaci da sunan mai amfani, ba sai mutum ya zauna gaban kowane allo ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne bambancin BIOS da UEFI, wato tsohon tsarin da ke tada kwamfuta da sabonsa. Tsofaffin kwamfutoci masu BIOS suna karɓar fayil ɗin tashi mai suna undionly.kpxe, sababbi masu UEFI kuma ipxe.efi, kuma sau da yawa sai an kashe Secure Boot, tsaron da ke hana tashi da fayil ɗin da ba a amince da shi ba, kafin su yarda su tashi. A kuma tabbata DHCP guda ɗaya ne ke raba adireshi, don idan rauta, na'urar da ke kawo intanet, ma tana nata rabon a gefe, wasu kwamfutocin za su yi ta jira har su haƙura.

Wajen rabawa, a zaɓi multicast. Kwafi mai nauyin gigabait 20 idan aka aika wa kwamfutoci 100 ɗaiɗai, gigabait 2,000 ke nan za su bi ta waya, alhali da multicast sau ɗaya ake aikawa kowacce ta karɓa. Amma kafin nan a gwada a kan kwamfuta biyu masu ƙira daban-daban, a kuma haɗa uwar garken da na'urar raba layi da UPS, batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, a tada janareta, domin idan aka ɗauke wuta ana tsaka da rubutu, duk ɗakin sai an fara daga farko.