Kek a tukunyar yashi, da shagon da nake tara wa kuɗi

Shekara 6 ke nan ina gasa kek a tsakar gidanmu a Kano, kuma har yau ban mallaki obin ba. Babbar tukunyar dalma ce da yashi da kurfoti. Da su na yi kek ɗin sunan ɗiyar ƙanwata, da su nake fitar da odar Sallah, ribarsu kuma nake zubawa a adashen da nake fatan zai kama mini ɗan shago in Allah ya yarda.

'Yar'uwa, ki fara da awo. Na daɗe ina auna kaya da gwangwanin madara, yau kek ya yi laushi, gobe ya yi tauri, sai da na sayi ɗan sikeli hankalina ya kwanta. Ga ma'aunina: fulawa giram 250, bota giram 250, sukari giram 200, ƙwai 5, bakin hoda ƙaramin cokali 2, filebo ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan mitsitsi. In kina shakkar bakin hodarki, zuba kaɗan a ruwan zafi. In bai yi kumfa ba ya mutu, ki zubar.

Wurin da aikin yake shi ne bugun bota da sukari. Ki sa muciya ki yi ta bugu har launin ya koma fari-fari, ya yi sakwat kamar auduga. Da hannu yakan ci mini minti 20. Iskar da kike turawa cikin botar nan ita ce za ta ɗaga kek ɗin a wuta, bakin hoda taimako kawai yake yi. Da hunturu bota kan daskare, sai in ajiye kwanon a rana na ɗan lokaci. Da bazara kuwa, a zafin Kano, narkewa take yi ta zama mai, kuma narkakkiyar bota ba ta riƙe iska, shi ya sa nake kwaɓi da sassafe bayan Asuba. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya ake sawa, kowanne ki fasa shi a wani kofi tukuna, don ruɓaɓɓe guda ɗaya ya taɓa ɓata mini kwaɓin kilo guda. Sannan ki tankaɗe fulawa da bakin hoda a rariya, ki zuba kashi uku, kina juyawa a hankali. Da zarar farin garin ya ɓace ki tsaya. Yawan juyi bayan an sa fulawa shi ke sa kek ya yi danƙo kamar burodi.

Yashin kuwa mai tsabta ake so, a wanke a shanya ya bushe ƙarau. Ki shimfiɗa shi a gindin tukunya kaurin yatsu biyu, ki rufe, ki bar shi a kan gawayi minti 10. Amfaninsa shi ne raba zafi ko'ina, kada wuta ta taru wuri guda. Ki ɗora faranti ko ƴan gwangwanaye a kife a kan yashin, sannan ki jera gwangwanayen kek da kika shafa wa bota, kowanne kada ya wuce rabi da ɗan ɗoriya. Rufe, ki zuba garwashi kaɗan a kan murfi don saman ya yi ja. Minti 15 na farko kada ki buɗe ko ranki na so, iska mai sanyi na shiga tsakiya ke faɗawa. Ƙanana sukan gasu a minti 20 zuwa 25. Soka tsinken sakace, in ya fito a bushe ya yi.

Batun shago kuma, ba wani babban wuri nake so ba. Teburi huɗu, labule, wurin da mace za ta zauna da ƙawarta su sha shayi da kek ko zoɓo mai sanyi ba tare da takura ba, tunda teburin mai shayi na bakin titi na maza ne. Zan sa alkaki da dubulan da gireba a gilashi ɗaya da kek, don ban ga dalilin da zai sa kayanmu na gara su jira sai ranar biki ba.

In ke ma kina da wannan buri, ki sayi littafi yau. Duk kwaɓi ki rubuta kuɗin fulawa, ƙwai, gawayi, leda, har kuɗin adaidaita zuwa kasuwar Singa da dawowa, ki raba da yawan kek ɗin da ya fito. Ranar da na fara haka na gane wata uku ina sayarwa ba riba, gawayi ne ban taɓa lissafawa ba. Ki ware wa kanki ladan aiki, kada ki haɗa kuɗin sana'a da na cefane. Ki yi rajistar sunan kasuwancinki a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, in kuma za ki riƙa ƙunshe kaya kina kaiwa kantuna, sai kin bi ta NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Ni yanzu saura kwasa biyu a adashe in sayi obin na gas. Tukunyar dai da ita zan tare a shagon, saboda ranar da gas zai ƙare ana tsakiyar oda.